Rasuwar Faranti, Mai Jin Ƙarfe Daga Nesa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bayan da ya ƙi miƙewa, nake sanar da 'yan'uwa rasuwar babban faifan na'urata ta gano ƙarfe a ƙasa, wanda maƙwabta suka fi sani da Faranti.

Marigayin ya shigo gidanmu ne da aiki guda. Ɗan kunnen zinaren uwargida, abin da ya rage mata na mahaifiyarta, ya faɗi a filin bayan gida inda makanikai suka taɓa zama, ni kuwa na bugi ƙirji na ce zan nemo shi. Mai shago ya ba ni shawarar ƙaramin faifai, wai shi ke iya tsince abu a cikin tarkace. Na dubi ƙaramin na raina shi, na zaɓi mai faɗin tire, saboda an ce jinsa na kaiwa can ƙarƙashi. Ban tsaya tambayar kaina me zai kai ɗan kunne can ƙarƙashin ba.

Shaidar da zan yi masa ita ce bai taɓa wulaƙanta kowa ba. Ƙusa, murfin kwalba, gwangwanin madara, tsohon fulogi, da murya ɗaya yake gaishe su duka: ƙiii! Ni kuma in duƙa in haƙa. Da ya haɗu da ƙarafa uku wuri guda sai ya rikice, ya yi ta ƙiƙi-ƙiƙi kamar an shaƙe zakara. Ya tono mini rabin injin mota daga zurfin da ya kai gwiwa, kuma wallahi ranar na yi alfahari da shi.

A kan injin nan ya tsage, ruwa ya shige shi. Daga nan jinya ta fara. Ya koma yi wa iska kuka, yana yi wa ƙarfen takalmina kuka. Mai gyara ya buɗe shi, ya girgiza kai, ya mayar da murfin. Numfashinsa na ƙarshe a kan cokali ya yi shi.

Ya bar sandar na'urar, da batura, da buhu biyu na ƙusoshi, da ni. Ya kuma bar uwargida, wadda ta wanke lakar wandunana duk tsawon lokacin nan.

Za a yi jana'izarsa gobe da hantsi a filin. Ba a buƙatar masu haƙa, marigayin ya tanadi ramuka isassu, zaɓa kawai za a yi. Uwargida za ta halarta, sanye da ɗan kunne ɗaya. Ana roƙon masu zuwa su taka a hankali, kai a sunkuye, kuma don Allah ido a buɗe.