Farfesan Karzumawa na Kwarbai

Ana ta yaɗawa a cikin birni wai jirgin 'yan sama ya sauka a kan ganuwa, dab da Ƙofar Kuyambana, ya ɗauki Malam Zailani ya yi kwana uku da shi a bayan wata, aka naɗa masa rawani, sannan aka dawo da shi. Har akwai mai shayin da ya rantse ya ga fitilun jirgin. To, kowa ya kwantar da hankalinsa. Fitilun na keke-napep ne, kwana ukun kuma zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Iyakar nisan da bawan Allah ya taɓa yi da ƙasa shi ne ranar da ya hau soro gyaran indararo, kuma sai da aka haɗa tsani biyu da ƙarti huɗu kafin aka sauko da shi.

Amma kada wannan ya rage masa daraja. Kaf Zazzau, kai har ka dangana da bakin teku, babu wanda ya kama ƙafarsa a sanin Karzumawa.

Ga wanda Allah bai nufa da wannan ilimi ba, Karzumawa wata ƙabilar mayaƙa ce a cikin wasu finafinai tara na yaƙin sararin samaniya. Tsawonsu kamar falwaya, fatarsu kamar bayan kada, kowannensu da zuciya uku. Zailani ya kalli kowane fim sau sittin, duk a fassarar Hausa, irin wadda ake tura wa mutum a waya a shagon caji. Turanci, in ji shi, yana rage wa magana albarka.

A ofis shi ne mataimakin mai ajiyar fayil. Fayil ɗinka kan yi shekara biyu a hannunsa ba a san inda ya shiga ba. Amma ka tambaye shi wa ya haifi sarkin yaƙin Karzumawa na goma sha ɗaya, yanzu ya ba ka uba da uwa da kawunnai, har da wanda ya yi masa wankan jego. Shi ya sa 'yan majalisar Kwarbai suka sa masa Farfesa, wasu su ce Garkuwan Taurari. Da zolaya suka fara. Shi kuwa ya je ya buga a kati.

"Ku fim kuke kallo," haka yakan ce, yana gyara zaman tabarau. "Ni nazari nake yi. Akwai bambanci tsakanin mai shan ruwa da mai haƙa rijiya, ni kuwa na haƙa har na tarar da dutse."

Shekara shida ya yi yana tsamo dokokin Karzumawa daga bakin jarumansu, yana tsayar da fim, yana rubutawa, yana mayarwa baya. Ya tara arba'in cif. Doka ta uku: jarumi ba ya zama a dokin ƙofa. Ta tara: jarumi ba ya cin abinci a tsaye. Ta sha bakwai: jarumi ba ya zama a kan turmi. Ta ashirin da biyu: jarumi ba ya taɓa nama sai ya gama da tuwo.

In wani marar kunya ya tambayi me turmi yake yi a cikin jirgin sama, sai Farfesa ya yi murmushin tausayi.

"Turmi a nan ishara ce. Injin jirgin ake nufi. Na yi wa wannan doka kaɗai sharhi shafi goma sha tara. Ba kowace ƙwaƙwalwa ce za ta ɗauka ba."

To, akwai wata Radiya da Farfesa yake nema, 'yar Alhaji Adamu. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni. Shekara guda Alhaji yana jan maganar. Ya ce shi ba dukiya yake dubawa ba, yana so dai ya ga wane ilimi yaron yake da shi. Da wannan ta iso kunnen Farfesa, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ilimi? An zo gidansa.

Sai ya shirya walimar kammala littafinsa na dokokin Karzumawa, ranar Asabar bayan la'asar, a zauren gidansu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka aro lasifika, aka dama kunun zaƙi. Aka ajiye wa Alhaji Adamu buzu a gaba. Don a toshe bakin masu hassada kuma, Farfesa ya sa aka nemo masa babban baƙo: Inuwa, mai fassarar finafinan da kansa, wanda bai taɓa gani ba sai dai muryarsa, muryar nan mai kama da tsawar farkon damina.

Farfesa ya sa a buɗe ƙofar zaure duka biyu, kada kafaɗun baƙo su maƙale. Sai ga wani siririn mutum da silifas, yana tari, da ƙaramin sukundireba a aljihu. Gyaran waya yake yi a bakin kasuwa.

"Kai ne muryar sarkin yaƙi?" in ji Farfesa.

"Ni ne, ranka ya daɗe. A cikin bokiti nake magana."

Farfesa ya haɗiye wannan. Ya miƙe ya yi jawabin minti hamsin. Ya kawo dangogin Karzumawa bakwai, ya raba su gida-gida, ya karanto dokoki arba'in, ya ce a tarihin nazari an yi mutum biyu, shi da wani da bai samu sunansa ba tukuna. Kunu ya huce. Alhaji Adamu bai motsa ba, yana jan carbi.

Da aka gama, Alhaji ya juya wajen baƙo, ya yi tambayar da kowane malamin birni yake fara yi.

"Malam Inuwa, a wurin wa ka ɗauko?"

"Na'am, Alhaji?"

"Dokokin nan. Daga ina?"

Inuwa ya sosa ƙeya. "Wallahi Alhaji, ba zan yi maka ƙarya ba. Finafinan da suka zo hannuna ko da Turanci ba su zo ba. Wani yare ne, har yau ban san na wace ƙasa ba ne. Na ga baki yana motsi, ai ba a bar shi haka ba. Su kuma dodannin nan kullum cikin faɗa suke, suna nuna yatsa. Sai na tuna kakata Rabi, ita ta rene ni. Abin da take faɗa mana nake sa musu."

"Wace Rabi?"

"Mai daddawa, ta bayan Kuyambana."

"Allahu akbar," in ji Alhaji. "Allah ya jiƙan Rabi. Ni ma ta taɓa kora ta daga kan turmi."

Farfesa ya miƙe, tabarau na zamewa. "A'a, Malam Inuwa, ka tuna da kyau. Fim na shida fa, inda sarkin yaƙi ya tsaya kan gawar ɗansa ya yi wasiyya a kan nama?"

"Oh, wannan. Ranar ban karya ba."

Kunu ya sarƙe wani a baya. Alhaji Adamu ya tashi a hankali, ya naɗe buzunsa, ya nemi takalmansa.

"Malam Zailani, ka yi ƙoƙari. Littafi ne mai tarbiyya, babu abin ƙi a ciki. Sai dai Radiya tana da kaka a gida, da ranta da lafiyarta. Ba ta buƙatar ta biyu."

Ya fita. Jama'a suka bi shi, kowa yana kallon ƙasa, kafaɗu na rawa.

Farfesa ya shiga cikin gida rungume da littafinsa. A tsakar gida ya tarar da Sa'adatu, taubashiyarsa, tana tsince shinkafa, labari ya riga shi isowa.

"Sannu da yaƙi, jikan Rabi," ta ce. "Ka san na nemo na Turancin a waya? Wurin nan na turmi, jarumin cewa ya yi a harba makami."

Farfesa ya tsaya, ya dube ta ta saman tabarau.

"Su wa suka yi na Turancin?"

"Turawa mana, masu fim ɗin."

"Sun taɓa zuwa Karzum, duniyar Karzumawan?"

"Ina fa, wurin da babu shi."

"To, su ba su je ba, Inuwa bai je ba. Amma Inuwa an san kakarsa, birni ya ci daddawarta. Ke kawo mini sunan kakar Baturen naki, sannan mu zauna maganar ilimi."