Ɓarawon Maiƙon Madara

Ko zan manta komai na zamana a Hayyin Ashir, wata unguwa a ƙasar Larabawa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙarar madara ba. Na je wa matar ɗana wankan jego ne, shi yana karatu a can. Ban taɓa shiga aji ba, amma a garinmu mai tallar nono ba ta tsayawa ƙofata da gaurayen ruwa. (Da wannan nake taƙama. Ku riƙe shi.)

Kullum ni nake sauka wajen Ammu Sayyid, mai shagon madara, ya ƙulla mini a leda. Sai kuɗin ya fara hawa. Maƙwabciyarmu Hajja Batula, Bahaushiyar Sudan, ita ke mini tafinta. Wai man shanu da cuku sun yi tsada, masu yin su suna wawushe madarar tun daga ƙauye, dole tasa ta tashi.

Na ce to. Amma na sa ido. A dafa madara ta huce, in buɗe tukunya, babu maiƙon nan da ke kwantawa a kai. Fara sol kamar ruwan alli. Na gano shi! Yana yaɗe maiƙon ya sayar da tsada, ya ba mu tsiyayi.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Na ɗauki tukunyar, na tattaro matan benenmu, na ce daga yau kowa ya bar shagon. Na dire ta gabansa.

"Hajja, gaya masa ya ji tsoron Allah."

Bawan Allah ya leƙa tukunya, ya ɗaga hannu sama yana rantsuwa. Ni kuwa sai ƙara murya nake: "Khalas! Khalas!" (Wato ya isa haka. Larabcina ke nan duka.)

Sai ga matar ɗana da gudu, goye da jariri, riƙe da kwalba.

"Inna, don Allah ki yi haƙuri, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni nake yaɗewa in tara a firij, in kaɗa. Kin ce ba kya cin miyar kuka babu man shanu, na kanti kuma ya fi ƙarfinmu."

Hajja Batula, Allah ya shirye ta, ta fassara masa har da miyar kukar. Sannan ta juyo: "Yo Hajiya, ai kayan satar a cikinki suke."

Ammu Sayyid ya yi dariya har da hawaye, yana "Ma'alish ya Hagga," wato ba komai Hajiya. Matan da na tara suka sayi madararsu, ni na koma da tukunyata, mayafi har hanci.

Yanzu in abu ya ɓace a gida, kafin in tuhumi kowa sai na fara tuna me na ci jiya.