Takwaran Da Ba Nawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na saka shaddar aurena na tafi sunan takwarana ba. Ko na so in manta ma, mutanen Zongo ba za su bari ba.

Abin ya faro ne daga shafin intanet na ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, masu atamfa da masu goro. Ni na haɗa shi, don ni kaɗai ne a cikinmu na taɓa yin wata shida ina koyon kwamfuta a unguwar Dassasgho, kuma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Da aka zo rajista sai ga matsala: kowa sai ya ba da adireshin imel, dattawanmu kuwa ba su da shi, ba su ma san kalarsa ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Sa naka mana, ai duk ɗaya ne." Shafin ya ƙi karɓar adireshi ɗaya sau biyu, ni kuma na shiga ciki na cire wannan sharaɗin (a ranar har ji nake babu gwani kamata a duk Wagadugu). Na yi wa dattawa rajista da adireshina, na manta da zancen gaba ɗaya.

Bayan kusan shekara mutane suka fara ƙorafi wai a shafin kowa na ganin maganar kowa, suna son hanyar da mutum zai yi wa ɗan'uwansa magana su biyu kawai. Na zauna na ƙara musu saƙon sirri. Har da ƙari na yi: idan aka aiko maka saƙo zai faɗo cikin imel ɗinka, kana amsawa daga nan sai amsar ta koma shafin da sunanka. Na gwada da matata Rabi, na rubuta mata "me aka dafa", ta amsa "zo ka gani". Aiki ya yi.

Kwana biyu da buɗe shi wayata ta fara ƙara. Wani mai goro ya rubuto, "Ranka ya daɗe, in sari kaya yanzu ko in jira?" Na daɗe ina kallon saƙon. Ni dai ban san komai game da goro ba, in na ci ma kaina ke ciwo. Amma mutum ya tambaye ka da ladabi haka, ai ba ka ce masa ba ka sani ba. Na ce ya sara. Sai wata Hajiya ta rubuto tana neman addu'ar ciwon gwiwa. Nan ma na rasa gane dalili, amma na ce a raina ƙila ta ga ina yawan zuwa sahun gaba. Na nemo mata addu'a, na ƙara da cewa ta rage hawa mashin.

Gaskiya na rikice, amma rikicewa ce mai daɗi. Na fara tafiya a hankali a cikin babbar kasuwar Rood Woko, ina amsa gaisuwa da ɗaga hannu kawai.

Sai ga saƙon Isiyaka, wani mai atamfa da ya tafi Kano sarin kaya. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni ban zo da ƙafata ba, ina hanya. Allah ya sauki iyali lafiya jiya, an samu namiji. Kai ne babbanmu a ƙungiya, kai muke so ka zaɓa masa suna."

Na karanta ya fi sau biyar. Isiyaka ya girme ni da shekaru, kuma rabon da mu yi doguwar hira da shi har na manta. Amma da na tuna a shafin an rubuta "mai gudanarwa" a gefen sunana, sai na ga maganar ta zauna daidai. Ƙirjina ya cika. Na rubuta masa, "Allah ya raya. Ku sa masa sunana."

Da na gaya wa Rabi sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Sunanka kai? Ka tabbata ba mafarki ka yi ba?"

"Ga shi nan a rubuce. Ke dai ba ki san darajar mijinki a waje ba."

"Bon, Allah ya sa alheri," in ji ta, da irin muryar nan da ba ta nufin komai sai akasin haka.

Na shiga kasuwa na sayi turmin atamfa mai kyau na mai jego, da rigunan jariri, da sabulu. Ranar suna bayan asuba na ɗaure su a bayan mashin, na isa ƙofar gidan, na wuce tabarmar samari inda na saba zama, na je na naɗe ƙafa a ta dattawa, kusa da shugaban ƙungiyarmu Alhaji Abubakar. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗan matsa. Isiyaka, wanda ya sauka daren jiya, yana can yana rabon goro da dabino. Na yi ta neman mu haɗa ido, shi kuwa sai gaisuwa ya yi mini irin ta kowa. Na ce a raina kunya ce.

Liman ya yi addu'a, aka shafa, sanƙira ya miƙe ya ce sunan yaro Abubakar. Alhaji da ke gefena ya sunkuyar da kai, na ga yana share ido da bakin riga. Ni kuwa ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Pardon, Malam. Akwai kuskure."

Kowa ya juyo yana kallona. Isiyaka ya matso da farantin goro a hannu.

"Kuskuren mi, ɗan'uwa?"

"Kai ka ce in zaɓa. Na ce a sa masa sunana."

"Ni na ce maka? Yaushe?"

Na ciro wayata na nuna masa saƙonsa. Shi ma ya ciro tasa ya nuna mini amsar. Ga maganata nan kalma da kalma, "Ku sa masa sunana," amma a samanta sunan Alhaji Abubakar ne da hotonsa da rawani. Na dubi tawa, na dubi tasa, na sake duban tawa. Har a lokacin kaina bai ɗauka ba, sai da Alhaji ya yi magana.

"Ni ban rubuta wa kowa komai ba. Wayata ko hoto ba ta ɗauka. Yaro, ba kai na ce ka sa naka ba ranar rajista?"

Nan ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Duk saƙonnin nan na dattawa ne, ni kawai ƙofar da suke biyowa ce. Na ji zufa na gangarowa cikin shaddar. Abin da ya fi ƙona ni shi ne dattijon nan ya yi hawayen farin ciki yana zaton karramawar ba-zata aka yi masa, ni kuma na tashi a gaban jama'a ina ƙoƙarin ƙwace ta.

Daga baya na ji muryar mai goro. "Wato kai ne ka ce in sara? Ni ina ta cewa Alhaji ya ba ni shawara." Dariya ta fara daga tabarmar samari ta zagayo, har liman ya rufe baki da carbi. Na yi addu'ar kada labari ya kai ga Hajiya mai gwiwa (ya kai kafin azahar).

Alhaji ne ya cece ni, ko da yake ceton da ɗan tsada. Ya ce an shafa fatiha, rago na ɗaure, suna ya zauna. Sai ya nuna ƙullin da ke gabana.

"Mi ke ciki?"

"Kayan takwara ne, Alhaji."

"Yel ka be, ba damuwa. Tunda da sunana ka yi magana, kayan ma da sunana ka kawo su. Isiyaka, a kai wa mai jego, a ce daga gare ni."

A wannan makon na bi dattawa shago shago, na buɗe wa kowa adireshinsa, na mayar da sharaɗin da na cire da hannuna. Ba wanda ya ƙara ce mini ranka ya daɗe.

Yaron yanzu yana gudu da ƙafarsa. Matan gidan ba sa iya kiran sunan Alhaji gatsal saboda girmamawa, don haka suka laƙaba masa Mesaj, wato saƙo da Faransanci, kuma unguwa duka ta ɗauka. Duk sanda na bi ta layinsu na ji uwarsa na ƙwala masa kira, sai in ƙara wa mashin wuta. Abin da na koya dai shi ne, idan ka ji an yi sallama da ladabin da ya fi ƙarfinka, kafin ka amsa ka waiga tukuna ka ga wa ke tsaye a bayanka.