Ranar da Na Kira Baffan Balkisu Ɗan Iska

Ko da tsufa zai kwashe min tunani kaf, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren yayar Balkisu a Bunguɗu ba. Ni mai haɗa sola ne a Gusau, kuma a lokacin na mutu a kan Balkisu. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenmu tana hannun ƙanensa, wanda yake aiki a nesa, ban taɓa ganinsa ba. Ta ce min, "Baffa zai zo biki. Idan ya ce a'a, to wallahi a'a ce." Ni kuwa jin an ce Baffa, sai na zana dattijo a raina, mai furfura da carbi. Na ɗinka sabuwar shadda, na ɗauki abokina Lawali daga Tsafe don ya taya ni gaisuwa.

Muna isa ƙofar gidan na hango Balkisu tsaye da jug ɗin zoɓo, ta manta ma da zubawa. Wani matashi ne zaune a kan benci, fes da shi, ga tabarau ga agogo, samari da 'yan mata sun kewaye shi. Ita kuwa sai dariya take yi masa, irin wadda ni sai na yi da gaske nake samun rabinta. Kishi ya turnuƙe ni. (Ko takalminsa sai da na duba, kuma ya fi nawa.)

Na matsa na ji me yake faɗi. Wai rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji ba dare ba rana, da gudun tsiya, su ake kira iskar rana. Wai duniyarmu kuma ƙaton maganaɗisu ce, ƙarfinta ya kewaye ta ya zama garkuwa. "Inda turin iskar ya yi daidai da turin maganaɗisun, nan ce iyakar," in ji shi. "Kamar ruwan gulbi ya tarar da dutse, ya rabu ya bi gefe. Ɓangaren da ke kallon rana a matse yake, na baya kuwa ya miƙe ya yi jela. In iskar ta yi ƙarfi, sai ta ƙara tura iyakar ciki."

Balkisu ta ce, "Ikon Allah!" Wannan "ikon Allah" shi ya ƙarasa ni. Ni da nake kan rufin mutane kullum rana tana gasa min ƙeya, ba ta taɓa ce min ikon Allah ba.

Na gyara murya na kutsa tsakiya, ko sallama babu. Na ce, "Malam, dakata. Rana dai sana'ata ce. Iskar rana na san ta, ta sha kwashe min faifan sola a Tsafe, har da kwanon rufin."

Ya yi murmushi. "Waccan iskar hadari ce, ɗan'uwa. Wadda nike faɗi ba ta isowa rufi, can sama ake tare ta."

Wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale. Lawali yana ta jan hannun rigata, na fizge. Na ce, da ƙarfi yadda har masu rabon goro za su ji, "Iskar da ba a gani, ba a ji, ba ta ko kaɗa ganye? Malam, wannan ai zancen 'yan iska ne! A nemi wata hanyar burge 'yan matan mutane."

Balkisu ta ajiye jug, ta durƙusa har ƙasa a gaban matashin, ta ce, "Baffa, don Allah ka yi haƙuri. Shi ne wanda na gaya maka."

Jama'a, ashe auta ne a ɗakinsu mahaifinta, da kaɗan ya girme ni, kuma ilimin sararin samaniya yake koyarwa. Ban san lokacin da na tuɓe takalma na zube ba. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Baffa, ina kwana." Ana shirin kiran La'asar fa.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi tunda rana sana'ata ce, in zauna nan a ƙasa ya ƙarasa. Ya bayyana cewa ita ma iskar tana ɗauke da nata maganaɗisun, kuma idan ya fuskanci kishiyar inda na duniya ya fuskanta, sai su haɗe, garkuwar ta buɗe kafa. Ƙwayoyin su zuraro ta can ƙarshen arewa da kudu, sama ta yi haske kala-kala. Kowace gaɓa sai ya tsaya ya ce, "Ko ba haka ba, mai sana'a?" Ni kuma in ce, "Haka ne, Baffa."

Da manyana suka je neman aure, ya ce ya ba ni. Dalilinsa wai mutumin da zai yi wannan hauka a bainar jama'a saboda 'yarsa, sonta yake yi da gaske, hankalin kuma a yi masa addu'a.

Kishin dai bai bar ni ba, ƙarya ba kyau. Amma na koyi tsari: duk namijin da na gani yana magana da Balkisu, in fara durƙusawa in gaishe shi, sannan in tambayi ko wane ne. Shekaranjiya har mai gyaran famfo na durƙusa wa.