Rasuwar Kofur, Wanda Aka Tsaga da Zarto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda ya ƙi zubar da hawaye a gaban waɗanda ba su cancanci gani ba, Lorna Haapala, mai mujallar Gadin Baya kuma alƙaliyar wasanninta, tana sanar da masu karatu na kusa da na nesa rasuwar abokin aikinta Kofur, ɗan ludo fari mai baƙaƙen ɗigo. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da ta wuce, da tsakar rana, a ɗakin ƙasa na gidan Mista Verne Ostrowski da ke nan Duluth, a gaban shaidu. Bai kwanta jinya ba. An tsaga shi ne da zarto don a gano ko maƙaryaci ne, kuma an gano ba shi ba ne.

An haifi marigayin a wata masana'anta da ba wanda ya san sunanta. Ya shigo gidan Haapala cikin kwalin wasan yaƙi da yayan Lorna, Arne, ya saya da ladan kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar maƙwabta. A kan teburin kicin Arne ya koya wa ƙanwarsa yadda ake shimfiɗa taswira, a jera 'yan gutsattsarin kwali a matsayin runduna, a jefa ɗan ludo a karɓi abin da ya fito ba tare da kumbura baki ba. Daga baya Arne ya tafi yaƙin gaske a Vietnam da muƙamin kofur, bai dawo ba. Ɗan ludon ya gaji muƙamin. A Ƙungiyar Hafsoshin Asabar, wato masu haɗuwa duk Asabar su buga wasan yaƙi a kan tebur, babu wanda bai san wannan ba. An rubuta shi nan ne domin kada gobe wani ya ce da ya sani da bai yi ba.

Marigayin ya shekara bakwai yana aiki a wannan mujalla ba hutu. Masu wasa daga garuruwa daban-daban suna aiko da umarnin rundunarsu ta gidan waya, Lorna ta matsar da kwalayen a kan taswira, in runduna biyu sun haɗu ta saka Kofur a gwangwaninsa ta girgiza. Sai a ji ƙwaras-ƙwaras, sai gungurawa a kan katako, sai tak. Abin da ya faɗa shi za ta buga a tafireta, ta gurza kwafe-kwafe a inji, ta manna kan sarki, ya tafi. Ba mai ganin jifan sai ita. Duk wasan a kan abu ɗaya yake tsaye, wato cewa in Lorna Haapala ta ce huɗu ne, to huɗu ne.

Kofur mutum ne mai gajeren zance. Fuska shida gare shi, amma bai taɓa nuna biyu a lokaci guda ba, abin da ba za a iya faɗa a kan wasu masu fuska ɗaya ba. Bai san babba ba, bai san yaro ba. Ita kanta Lorna ya sha hallaka mata dawakai a gaban jama'a, ta ce na gode ta kwashe gawarwakinta. Bai taɓa aiko wa mujalla wasiƙa mai shafi tara a kan launin maɓallin rigar sojan Ostiriya ba. Bai taɓa sayen hular soja a kasuwar gwanjo ya sa a kira shi Janar ba. Bai taɓa cin burodi mai ƙamshi na Misis Haapala, mahaifiyar Lorna, ya tashi ya bar mata faranti a kan kujera ba. A cikin ƙungiyar da kowa janar ne, shi kaɗai ya yarda ya zauna a kofur, kuma shi kaɗai ne bai taɓa cewa an cuce shi ba.

Ya ga wulakanci a rayuwarsa, ya shanye. An hura masa iska mai warin giya. An zage shi, an zagi wanda ya ƙera shi. Wani ya taɓa wurgi da shi ya faɗa bayan tukunyar ɗumama ɗaki, Lorna ta durƙusa da siket ɗin aiki ta zaƙulo shi da maratayin riga, manyan hafsoshi suna tsaye suna ba ta shawara. Wani ya kulle shi a firji tare da kifi wai don ya koyi hankali. Ya fito da sanyi a jikinsa ya ba mutumin nan ɗaya, kamar yadda ya ba shi kafin ya shiga. Mai shi ma haka ta zauna a cikinsu. Da farko ana tambayarta ƙanwar wa ce, daga baya budurwar wa ce, da aka ga ba ta da niyyar tafiya sai aka ce to ta riƙa buga mujallar tunda mata sun iya tafireta. Ta karɓa. Ba wanda ya lura cewa mai tafireta ita ce mai yanke hukunci, sai da hukuncin ya fara ciwo.

Ciwon ajali ya kama marigayin ne a kaka, a wasan mamayar Rasha ta shekarar 1812. Janar Verne Ostrowski, mai sayar da inshora a ranakun aiki, shi ke jan rundunar Faransa. Abokin karawarsa Mista Elwood Tjaden, manomin masara a Nebraska, shi ke riƙe da Rasha. Mista Tjaden ya yi ta ja da baya wata bayan wata, yana aiko da umarninsa da fensir, Janar kuwa yana kiransa matsoraci a shafin wasiƙu. Da sanyi ya sauka a kan taswira, Janar ya tsinci kansa a bakin kogi, ba abinci, ba gada, abokan gaba sun ninka shi biyu. Duk mai hankali zai juya. Janar ya ba da umarnin a tsallaka a far musu. A cikin fuskokin Kofur guda shida, ɗaya ce kacal za ta cece shi. Kofur ya ba da ɗaya daga cikin sauran biyar, rundunar Faransa ta nutse.

Asabar ɗin da ta biyo baya Janar ya shigo taron ƙungiya da mujallar a naɗe a hannu kamar zai kashe ƙuda.

"Ke yarinya, wannan ɗan ludon naki akwai dalma a cikinsa," in ji shi. "Tun kina firamare nake wasan nan. Ba a yi mini haka."

"Ranka ya daɗe," in ji Lorna, "lissafi nake koyarwa a sakandare. In mutum ya yi tsalle daga bene, ba sai an sa wa ƙasa dalma ba."

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Kafin wata ya ƙare maganar ta zaga. Wasiƙu suka fara zuwa daga mutanen da ba su taɓa ganin Kofur ba, kowa ya tuno wani yaƙi da ya sha kashi shekara uku baya, yana tambaya cikin ladabi ko za a sake duba masa. Wasu biyu suka janye daga wasanninsu. Lorna ta gane cewa in abin ya ci gaba, mujallar za ta zama takarda kawai da ba wanda ya yarda da lambobin cikinta.

Aka fara gwaje-gwajen asibiti. Hafsoshi suka zo gidan Haapala suka jefa marigayin a ruwan gishiri, wai in akwai nauyi a gefe ɗaya zai riƙa juyowa da fuska guda. Ya ƙi tasowa. Suka ƙara gishiri, suka ƙara, har Misis Haapala ta leƙo daga kicin ta ce, "Ku 'ya'yan nan, in miya za ku yi ku faɗa mini in kawo albasa." Da ya taso ya yi ta juyi yadda ya ga dama. Janar ya ce ruwan ne bai yi ɗumi ba. Aka jefa shi a kan tebur tun daga azahar har hannun mutum uku ya gaji, ana rubutawa, kowace fuska ta fito gwargwadon 'yar'uwarta. Janar ya ce ai a gaban mutane dole ya nutsu. Abin da ya rage, a cewarsa, shi ne a buɗe cikinsa kowa ya gani.

A nan mai sanarwa take so a fahimce ta da kyau. Ba ƙwace shi aka yi ba. Ita ta ɗauko shi daga gwangwaninsa, ta sa a aljihun kwat, ta tuƙa mota zuwa gidan Janar. Ta san abin da yake a wurinta, ta kuma san ba a ɗinke ɗan ludo. Sharaɗi ɗaya ta gindaya a gaban kowa: in aka tarar da shi da tsabta, hukuncin kogi ya zauna, kuma Janar zai rubuta da hannunsa cewa ya yarda, a buga a mujalla. Janar ya ɗora hannu a kan hularsa ya ce maganar soja ɗaya ce.

Mista Dale Lindqvist, malamin aikin katako, shi aka ba zarto. Ya matse marigayin a ƙarfen kafinta, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Lorna, na Arne ne fa," in ji shi a hankali. "Ki bar mutumin nan ya yi ta surutunsa. Mu mun yarda da ke."

"Kun yarda da ni kuka zo kallo? Yanka, Dale."

Kalaman marigayin na ƙarshe su ne ƙiii, ƙiii, ƙiii, sannan ƙas. Ya rabu biyu, farin gari ya zubo a kan benci. Cikinsa fari fat tun daga wannan bango har wancan, ba dalma, ba rami, ba ko tabo. Aka miƙa ɓari biyun hannu zuwa hannu. Hafsoshin da suka ci biranen Turai sau da yawa a kan tebur suka rasa inda za su sa idonsu. Wani ya fara goge tabarau. Wani ya tuna matarsa ta aike shi sayen madara.

Janar ya juya ɓari ɗaya a tafin hannunsa, ya kai shi kusa da fitila, ya shinshina. Sannan ya ce, "To, alhaki ya fita daga kansa, na yarda. Amma ƙanwata, tunda yanzu babu shi, ai adalci shi ne a sayo sabo a sake jefa na kogin nan. Ni zan saya, kada ki damu."

Lorna ta karɓi ɓarin daga hannunsa, ta haɗa da ɗayan, ta naɗe a hankici. Ta sa a aljihun kwat ta tafi gida. Har ranar da ake gurza wannan shafi, takardar da Janar ya yi alkawari ba ta iso ba. Abin da ya iso shi ne wasiƙa mai shafi shida a kan zurfin kogin a watan Nuwamba na shekarar 1812.

Marigayin ya rasu ya bar gwangwaninsa, wanda yanzu in an girgiza shi ba ya cewa komai. Ya bar tafireta da injin gurza, tsofaffin abokan aiki, duk suna cikin ƙoshin lafiya gwargwado. Ya bar Misis Aili Haapala, wadda ta sa aka ajiye hankicin a kan teburin kicin, ta zauna a gabansa har gahawarta ta huce. Ya bar Mista Tjaden, wanda ya aiko da kati da fensir yana cewa da an tambaye shi da ya bar wa Janar kogin da kifayen ciki. Ya bar kuma rundunar Faransa a inda ya ajiye ta, wato a ƙarƙashin ruwa, kuma can za ta zauna muddin Lorna Haapala ce ke riƙe da wannan mujalla.

Game da jana'iza, ƙasa ta daskare, ba ta haƙuwa sai bazara, don haka za a jinkirta binnewa kamar yadda ake yi wa kowane mutumin kirki da ya mutu a garin nan cikin hunturu. Za a sa shi a bayan gida, gindin bishiyar tuffa. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi, kuma duk wanda ya zo da hular soja zai cire ta a bakin ƙofa.

Kafin nan an shiga zaman makoki. A lokacin makoki ba za a jefa ɗan ludo ko sau ɗaya a wannan mujalla ba. Duk wasannin da ke gudana sun tsaya cak inda suke: masu kewaye da birni su ci gaba da kewayewa, masu jiragen ruwa su yi ta shawagi, wanda ya ɗaga takobi ya bar hannunsa a sama. Mai sanarwa ta san akwai waɗanda suka shekara biyu suna jiran jifa guda, tana ba su haƙuri. Makokin zai ƙare ranar da layi ɗaya ya iso da sa hannun Janar, cewa an ci shi da yaƙi kuma ba wanda ya cuce shi. In ya iso gobe, jibi a koma fagen fama. In bai iso ba, ita ba ta gaggawa.

Iyalan marigayin ba za su zauna karɓar gaisuwa ba, suna da mujallar watan gobe a gabansu. Duk mai son yin ta'aziyya, ko mai son sanin yaushe wasansa zai ci gaba, ya tuntuɓi Mista Verne Ostrowski kai tsaye. Adireshinsa da lambar wayarsa ta gida da ta ofis suna bangon baya, da manyan baƙaƙe.