Yadda Za Ka Makantar da Kwamfuta Talatin Kafin Jarrabawar Litinin

Shekara ashirin da shida ina gyaran kwamfuta a kasuwar Kediri, ban taɓa kashe fiye da ɗaya a rana ba. Surukina Hendro, mai takardar jami'a, ya kashe talatin a yini guda. Na nazarci hanyarsa, ga ta nan. Ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari: ranar Juma'a kana da ɗakin kwamfuta, ranar Asabar kana da ɗakin akwatuna.

1. Karɓi aikin da sauri

Idan shugabar makaranta, irin su Bu Sumarni, wato Malama Sumarni, ta ce yara za su zana jarrabawa ta intanet ranar Litinin ƙarfe takwas, a sabunta wa kwamfutocin tsari, ka ce: "Bu, ai kafin kofinki ya huce na gama." Kada ka tambayi kowa komai. Tambaya ta marasa digiri ce.

2. Yi hukunci da launi

Direba wata 'yar manhaja ce da ke gabatar wa kwamfuta kayan cikinta: ga lasifika, ga katin intanet. Kowane ƙarfe da nasa. Kai kada wannan ya dame ka. Akwatunan duk baƙaƙe ne? To iri ɗaya ne. Ko da shaguna uku suka harhaɗa su cikin shekara shida, wa ya aike ka buɗewa? Kwashe direbobin guda ɗaya, sun wadatar.

3. Ajiye su kusa

Kada ka zuba su a filash, filash ɓata yake yi. Adana su cikin kwamfutar da za ka goge, a wani lungu na rumbun ajiyarta. Abu mai daraja ba a kai shi nesa.

4. Bar ta ta yi aikinta

Haɗa wani filash mai girka sabon tsari shi kaɗai ba tambaya. Inda aka ce a share rumbu gaba ɗaya, amince. Gwaji a guda ɗaya tukuna? Wannan tsoro ne. Soka, zare, soka, zare, har talatin. Sai ka tsallaka titi ka ci shinkafa da miyar gyaɗa, ka ƙara da soyayyen tempe na waken soya.

5. Riƙe fuska

Za ka dawo ka tarar duk sun tashi fes, amma babu wadda ta san tana da katin intanet. Direbobin da ka adana sun tafi da shara. Sauke wasu kuma sai da intanet. Washegari Bu Sumarni za ta leƙo:

"Mas Hendro, an gama?"

"Saura kaɗan, Bu."

"Jiya ma kaɗan ɗin nan ya saura. Haihuwa yake yi ne?"

Yi murmushi ka sunkuyar da kai. A garinmu mai ladabi ba ya faɗin mugun labari, barinsa yake ya iso da ƙafarsa.

6. Tuna kana da suruki

Lahadi da safe ka sayi ayaba nono guda, ka cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Za ka same ni na rufe kejin tsuntsuna da zane, zan kai shi gasar kuka, wadda na yi wata huɗu ina shirya shi dominta. Ka fara gaishe ni da Pak, wato Baba:

"Pak, ya lafiyar jiki? Ya tsuntsu?"

"Tsuntsu lafiya. Nawa ka kashe?"

"Ba kashewa ba ce, Pak, matsalar daidaito ce."

"Nawa?"

"Talatin."

Matarka Wulan, 'yata, za ta ce daga bayanka: "Bapak, yara casa'in ne, gobe ne." Wannan maganar ce za ta sa in ajiye kejin. Ayabarka ba ta isa ba.

7. Riƙe tocila

Nan aikinka ya ƙare. Ni zan kwance akwatunan, in karanta lambar kowane ƙarfe da tabarau biyu, mu tarar iri huɗu ne. Zan sauke direbobin a shagona, kowane iri da jakarsa da sunansa, a filash biyu: ɗaya a aljihuna, ɗaya a durowar Bu Sumarni. Mu gwada a guda ɗaya, sannan sauran. Kai haska mini kawai, kuma ka daina cewa "dama haka na yi niyya."

Litinin ƙarfe takwas yara za su zauna, kwamfuta ashirin da tara cikin talatin za su yi aiki. Bu Sumarni za ta yaba maka a gaban malamai. Karɓi yabon, ka gyara wuyan riga.

Gargaɗi: duk wanda ya bi wannan hanya aka kore shi, ko yara suka rasa jarrabawa, babu hannuna, babu ruwana, ban san shi ba. Hendro ya tsira ne don 'yata yake aure, kuma 'ya ɗaya gare ni. Lahadi mai zuwa akwai wata gasar, wayata a kashe take.