Ranar da Na Kai Rahila Aji Ɗaya

A zamanin jihar Gongola ina koyarwa a Mubi, na sha littattafan tarbiyya har na haramta rarrashi a gidana. Na ce wa matata Saratu, "Goyon nan naki zai sangarta 'yarmu Rahila. Ranar shiga aji ɗaya ni zan kai ta, don ke kuka za ki yi ki ɓata min aiki."

Ta ce, "To, Malam."

A ƙofar wata firamare a Lokuwa na fara jawabin jarumta. Rahila ba ta tsaya ji ba. Ta kama hannun wata yarinya ta shige, ko waiwaye babu. Nasara ke nan, kuma har gobe tawa ce! Sai dai ƙafafuna suka ƙi tafiya. Na laɓe bayan taga ina leƙe, ina share hawaye da hula, har maigadi ya damƙe ni ya kai ni wurin hedimasta, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ɓarawo, amma yana kuka."

Aka kira Saratu ta shaide ni. Ta zo da zanen goyo, wai ko zan buƙata.

Har yau in na raka Rahila tasha sai ta ce, "Baba, za ka iya komawa kai kaɗai, ko a kira Mama?"